Horon wata uku, damina ɗaya a shekara

Duk ranar 1 ga Janairu Gidauniyar Tony Elumelu kan buɗe ƙofar neman jari, kuma kafin a rufe, ɗaruruwan dubban matasa daga ƙasashen Afirka 54 sun cike fom. Wanda rabo ya rantse da shi zai sami horo na mako 12 ta intanet, da dala 5,000 da ba za a ce ya mayar ba. An fara shirin a 2015 da alƙawarin kashe dala miliyan 100 cikin shekara 10. Kyauta ce, amma ba ta wuce ta ɗora harsashi ba.

A ɗaya gefen akwai irin Y Combinator ta Amurka, wadda tun 2005 take renon sababbin kamfanoni. Ita ba kyauta take yi ba. Tana ba da dala 125,000 ta karɓi kashi 7 cikin 100 na kamfanin, ta ƙara dala 375,000 da za su rikiɗe su zama hannun jari nan gaba. Ana shafe kamar wata uku ana gyara wa masu kamfani tunani da lissafi, sannan a tsayar da su gaban attajirai ranar baje koli, kowa ya tallata hajarsa cikin 'yan mintoci. Paystack ta Legas ta bi ta nan a 2016, zuwa 2020 kamfanin Stripe ya saye ta kan sama da dala miliyan 200. Labarin da ke sa matasa kwana gaban kwamfuta ke nan.

To, ina mazaunin wanda kasuwancinsa na warware matsalar talaka ne? A nan gizo ke saƙar. Paystack hanyar biyan kuɗi ce ta intanet. Ƙara abokin ciniki dubu ba ya buƙatar ƙara bulo ko ɗaya. Ɗauki ColdHubs da Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa, mai gina ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwanni da gonaki. Mai tumatir ya kawo kayansa da yamma, a juye a akwatunan roba, a jera a ciki, ya biya kuɗin kwana kan kowane akwati, maimakon ya wayi gari rabin kwandon ya zama ruwa. Amfanin a bayyane yake. Sai dai kowane sabon ɗaki sai an nemi fili, an zuba siminti, an sayo farantan sola da batura, an ɗauki mai kula, kafin a fara tara kuɗin da ke shigowa kaɗan-kaɗan.

Ko Babban Gona da Kola Masha ya kafa a Kaduna a 2012, mai bai wa ƙananan manoma iri da taki bashi, ya koya musu aiki, ya taimaka musu sayar da masara. Abin da aka zuba a watan Yuni ba a ganin sakamakonsa sai kaka, kuma idan dabara ta ƙi, gyaranta sai baɗi. Mai jarin da ya saba tambayar nawa ciniki ya ƙaru a wannan mako ba zai ji daɗin wannan amsa ba. Idan kuma aka matsa wa irin wannan kamfani ya ninka manomansa kafin ya ƙware wajen karɓo bashi, sauri ne zai haifi nawa.

Akwai kuma zancen canji, wanda ba a cika faɗa a wurin taro ba. Mai zuba jari da dala yake lissafi, manomi da naira yake biya. A farkon 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Kamfanin da ya ninka cinikinsa sau biyu a tsakanin, a idon mai dala baya ya ci.

Giɓin da ke tsakanin gaggawar mai jari da tafiyar irin waɗannan kamfanoni ne ya haifar da masu jari irin Acumen, da Jacqueline Novogratz ta kafa a 2001. Tana karɓar gudummawa, ta zuba a kamfanonin da ke yi wa marasa ƙarfi hidima, ta yarda ta jira shekaru da riba 'yar kaɗan. Ashoka tun 1980 da Echoing Green tun 1987 kuwa mutumin suke tallafa wa, su ba shi abin riƙe kai don ya mai da hankali kan aikin. A ganina irin wannan kuɗi ne ya fi dacewa da matsalolin Arewa, na ruwa, lafiya da ɓarnar amfanin gona, amma shi ne mafi ƙaranci, kuma da Turanci ko Faransanci ake nemansa. Ga cibiyoyin reno ma sun fi yawa a Legas da Nairobi, duk da cewa CoLab a Kaduna da CIPMEN a Yamai sun rage nisa.

Sayar da hannun jari ba bashi da ruwa ba ne. Tarayya ce a riba da asara, abin da 'yan kasuwarmu suka daɗe da sani. Abin lura shi ne takardar. Kashi nawa aka karɓa, wa ke da ikon hana yanke shawara, kuma a ina za a yi wa kamfanin rajista? Da yawa daga masu jarin Amurka sukan so a kafa uwar kamfani a jihar Delaware, na gida ya koma reshe. A Najeriya kuwa, dokar sababbin kamfanonin fasaha da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022 ta tanadi asusun jarin farawa da rangwamen haraji ga waɗanda suka sami takardar shaida, sai dai ta fi karkata ga masu aiki da fasahar zamani. Mai sarrafa gyaɗa ko mai haƙa rijiyoyin burtsatse sai ya fara nuna inda fasahar take a aikinsa kafin a saurare shi.