Wasa 19, Nasara 19, Lada Dala 200: Kakar Farko Ta Ƙungiyar Steamwheelers

Wani ɗalibina da ke rubuta kundi a kan kalmomin wasanni a Hausar rediyo ne ya jefa ni cikin wannan batu. Ya tare ni a bakin ofis yana tambaya: "Malam, wane suna za mu ba wasan da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, alhali kusan dukkansa da hannu ake yi?" Na ce masa ai Bahaushe ya riga ya rage mana aiki tun ranar da ya ƙirƙiro kalmar zari-ruga. Gaskiya ne wani wasan aka raɗa wa sunan tun asali, amma ɗan'uwan wannan ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin ƙato ya rungume ƙwallo ya ranta a na kare, wasu ƙattin na bin sa, ya san sunan ya zauna. Sai ya ce to akwai kuma wanda ake bugawa a cikin ɗaki. A nan na yi shiru. Na tafi neman kalma, sai na ɓuge da karanta tarihin wata ƙaramar ƙungiya mai suna Quad City Steamwheelers, wadda ta buga kakarta ta farko a shekarar 2000 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba.

Kafin mu kai ga ƙungiyar, ya kamata mai karatu ya san shi kansa wasan. Wani mutumin jihar Ayowa mai suna Jim Foster, wanda a lokacin ma'aikaci ne a sashen tallace-tallace na babbar gasar NFL, ya je kallon ƙwallon ƙafa ta cikin ɗaki a zauren Madison Square Garden da ke Niyok a watan Fabrairun 1981. Yana zaune a wurin ya zaro ambulan ya fara zana yadda za a tura zari-rugar Amurka cikin irin wannan zaure. Filin ya zama yadi 50 maimakon 100, faɗinsa ƙafa 85, wato daidai da filin hoki na kan ƙanƙara. 'Yan wasa 8 a kowane ɓangare maimakon 11. An kewaye filin da katanga mai katifa, sannan aka rataya manyan raga a ƙarshensa biyu, ta yadda ƙwallon da ta kauce za ta dawo fili a ci gaba da wasa. An gwada abin a garin Rockford a 1986, aka buɗe gasar Arena Football League da ƙungiyoyi 4 a 1987, sannan a 1990 hukumomin Amurka suka ba Foster takardar mallakar ƙirƙira. Wasa sukutum ya zama kayan mutum, kamar yadda ake mallakar samfurin injin niƙa.

Hikimar kasuwancin a fili take. Garuruwan Amurka cike suke da zaurukan da aka gina domin hoki da ƙwallon kwando, waɗanda kan zauna babu kowa da zarar sanyi ya wuce. Mai zaure yana neman ɗan haya, mai wasa yana neman zaure.

A shekarar 2000 sai masu wannan gasa suka buɗe mata ƙanwa mai suna af2, da ƙungiyoyi 15, domin garuruwan da ba su kai girman riƙe babbar ba. Ke nan ƙaramar gasa ce a ƙarƙashin wadda ita ma ƙarama ce idan aka auna ta da NFL. Kusan dukkan ƙungiyoyin a kudancin ƙasar suke, a wurare kamar Birmingham da Pensacola da Augusta. Ɗaya ce tak aka kafa can sama a bakin kogin Misisifi, inda jihohin Ayowa da Ilinoi suka yi iyaka, kuma Jim Foster da kansa yana cikin masu ita.

Sunan yankin ma abin tsayawa ne ga mai nazarin harshe. Kalmar Quad na nufin huɗu, amma garuruwan biyar ne: Davenport da Bettendorf a Ayowa, sai Rock Island da Moline da East Moline a Ilinoi. Da can ana kiran wurin Tri-Cities, wato garuruwa uku. An ƙara ɗaya suna ya canza, aka sake ƙara ɗaya baki ya ƙi bi. Shi kuwa Steamwheelers, daga jiragen ruwan nan masu tururi da babbar ƙafa mai juyawa aka samo shi, waɗanda suka yi tashe a kogin a ƙarni na 19.

Mutanen wurin ba baƙin manyan wasanni ba ne, kuma ba baƙin rasa su ba ne. Ƙungiyar Rock Island Independents na cikin waɗanda suka kafa gasar da ta zama NFL a 1920. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Tri-Cities Blackhawks ta zauna a Moline daga 1946 zuwa 1951, ta yi ƙaura zuwa Milwaukee, daga can zuwa St. Louis, kuma ita ce ta zama Atlanta Hawks a 1968. Duk lokacin da wasa ya yi kuɗi, sai ya tattara ya koma babban birni. Haka ma masana'antu: yankin cibiyar ƙera injinan noma ne, a Moline hedikwatar John Deere take, amma matsin da manoman Amurka suka shiga a shekarun 1980 ya rufe manyan masana'antu, ciki har da ta tarakta Farmall a Rock Island. A ƙoƙarin farfaɗo da bakin kogi aka buɗe zauren The Mark a Moline a 1993. A cikinsa Steamwheelers ta buga wasanninta na gida.

To, ga abin da ya faru a fili. A ƙarƙashin koci Frank Haege, ƙungiyar ta ci dukkan wasanninta 16 na kaka. A ɗaya daga ciki ta lallasa Greensboro Prowlers da ci 103 da 3, sakamakon da ko a wasan da ya shahara da yawan maki abin kunya ne ga gasar kanta. Ta wuce wasannin sili-ɗaya-ƙwale, sannan a watan Agusta ta doke Tennessee Valley Vipers da ci 68 da 59 a gaban mutanenta, ta ɗauki kofin ArenaCup na farko. Wasa 19, nasara 19. A 2001 ta sake ɗaukar kofin, inda ta doke Richmond Speed da ci 55 da 51. A shekara biyu sau ɗaya kawai aka yi galaba a kanta.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban ɓata wa mai karatu lokaci ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ladan waɗanda suka yi wannan aiki. Ƙa'idar af2 ita ce kowane ɗan wasa dala 200 a kan kowane wasa, da ƙarin dala 50 idan an ci. Mu yi lissafi. Wanda ya buga wasa 16 ya kuma ci dukkansu, ya tashi da dala 4,000 a cikin wata huɗu da wani abu. Wannan shi ne mafi ƙololuwar abin da ƙa'ida ta yarda a samu a cikin kaka, kuma 'yan Steamwheelers ne kaɗai suka kai shi. A kan wannan kuɗi mutum zai bari a riƙa maka shi da katanga, ya faɗi a kan ciyawar roba da aka shimfiɗa bisa siminti. Bugu da ƙari, dokar wasan a wancan zamani ta tilasta wa mafi yawan 'yan wasa su yi aiki biyu, kai hari da tsaron gida, ba kamar NFL ba inda kowane aiki da mutanensa. Da yawansu sai sun haɗa da wata sana'ar kafin su ci abinci.

Me zai sa saurayin da ya gama jami'a ya yarda da wannan ciniki? Amsar tana da suna, Kurt Warner. Shi ma ɗan Ayowa ne. Ƙungiyar Green Bay Packers ta sallame shi a 1994 kafin a fara kaka, ya koma yana jera kaya a kanta a wani shagon Hy-Vee kan dala 5.50 a awa. Daga 1995 zuwa 1997 ya buga wa Iowa Barnstormers, wadda ita ma Foster ne ya kafa ta a Des Moines, ya kai ta wasan ƙarshe sau biyu. A 1999 babban mai jifa na St. Louis Rams ya ji rauni, aka tura Warner ya maye gurbinsa, sai ga shi ranar 30 ga Janairun 2000 ya ɗaga kofin Super Bowl, kuma shi aka zaɓa gwarzon wasan. Wata biyu bayan haka af2 ta buɗe ƙofa. Babu wani mai talla a duniya da zai iya tsara lokacin da ya fi wannan dacewa. Duk wanda ya sa hannu a takardar dala 200 a wannan shekara, ya ga ɗan'uwansa a talabijin.

Sai dai akwai wani lissafin da ban ga ana yawan yi ba. Wanda ya yi awa 40 a mako a kan ladan da Warner ya karɓa a shago, zai samu dala 220. Wato mai jera kaya a kanta a 1994 ya fi ɗan wasan af2 na 2000 samu a makon da ba a ci wasa ba, kuma shi babu wanda zai karya masa gwiwa. Ita kuwa ƙofar NFL ƙunci gare ta: a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2000, mutum 254 kacal aka ɗauka daga dukkan jami'o'in ƙasar. Hatta Billy Dicken, mai jifan da ya jagoranci Steamwheelers a wannan kaka mai tarihi, ci gaban da ya samu shi ne hawa mataki ɗaya zuwa Chicago Rush ta babbar gasar cikin ɗaki a 2001. Saura kuɗin da ba a biya da dala ba, da fata aka biya shi.

Ba zan ƙi faɗin hujjar ɗaya ɓangaren ba, domin tana da ƙarfi. Ba don wannan ƙaramin lada ba, da garuruwa irin su Moline ba su samu ƙungiya ba ko kusa. Ƙayyade albashi ne ya sa tikiti ya yi arha har ma'aikacin masana'anta ya iya kai iyalinsa kallo, shi ne kuma ya kamata ya hana mai kuɗi saye dukkan gwanaye. Babu kuma wanda aka ɗaura wa igiya. Manyan mutane ne suka zaɓi su ƙara shekara ɗaya ko biyu suna yin abin da suke so kafin rayuwa ta rufe wannan babi. Na yarda da duk wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira tsarin da sunan makarantar horar da 'yan wasa, kamar yadda aka riƙa tallata shi, alhali waɗanda suka haye daga cikinta zuwa inda ake biyan kuɗin kirki 'yan ƙalilan ne. Kalma tana aiki. Idan ka kira mutum ma'aikaci, dole a tambaye ka nawa kake biyan sa. Idan ka kira shi mai neman ci gaba, ka sauke wa kanka wannan tambaya.

Abin da ya biyo baya ya nuna inda tsarin ke yoyo. A 2002 hukumar af2 ta hana Steamwheelers shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale na shekarar, a matsayin horo kan saɓa ƙa'idar biyan 'yan wasa. Doka doka ce, kuma sauran ƙungiyoyin da suka bi ta suna da haƙƙin yin fushi. Amma a dubi laifin da kyau. Gasa ce da babban zunubi a cikinta shi ne mutumin da ake bugawa da katanga ya samu fiye da dala 250.

Ita ma gasar ba ta tsira ba. Daga ƙungiyoyi 15 a 2000 ta kumbura zuwa 28 a 2001 da 34 a 2002, sannan ta fara sacewa, ana buɗe wasu ana rufe wasu kowace shekara. Takardar mallakar Foster ta ƙare a 2007. A ƙarshen 2008 uwar gasar ta soke kakar 2009 saboda matsin kuɗi. Af2 ta daure ta buga wannan shekara, daga nan aka watse. Wasu ƙungiyoyinta sun shiga sabuwar Arena Football League da aka tayar a 2010, wadda ita ma ta durƙushe a 2019. Steamwheelers ba ta cikin waɗanda suka haye. Nasara 19 a jere ba ta saya mata ko shekara ɗaya ta ƙari ba, domin abin da ke riƙe da irin waɗannan ƙungiyoyi ba a fili yake ba, yana cikin kuɗin hayar zaure da aljihun masu hannun jari.

Sunan dai ya fi gasar tsawon rai. A 2018 wasu mutane daban suka farfaɗo da shi a wata gasa mai suna Champions Indoor Football, shekara ta gaba suka koma Indoor Football League, a cikin zauren nan na Moline, wanda shi kuma an sauya masa suna har sau uku bisa ga kamfanin da ya biya kuɗi. Shi kuwa ɗalibina, mun tsaya a kan "zari-rugar cikin zaure", ya rubuta a kundinsa, duk da cewa har yanzu yana ganin kalmar ta yi tsawo ga mai karanta labaran wasanni a rediyo.