Sarrafa Haske Tun Daga Bakin Kyamara: Malafar Ido da Matatai Masu Kusurwa Huɗu

Hoto, in an bi asalinsa, aikin haske ne. Haske yakan taso daga jikin abin da ake so a ɗauka, ya ratsa gilasan da ke cikin idon kyamara, sa'an nan ya sauka bisa fim, ko kuwa bisa ɗan farantin lantarkin da ya maye gurbin fim cikin kyamarorin zamani. A ƙasashen sanyi, masu ɗaukar hoto sukan yi kukan ƙarancin haske. A ƙasar Nijar kuwa, daga Tawa har Damagaram, yawansa shi ne babbar matsala: rana mai ƙarfi, rairayi mai ƙyalli, fararen riguna, ga kuma hazo lokacin hunturu.

Wannan matsala ba ta masu sha'awa kaɗai ba ce. Malamin gona da aka aika ya ɗauko hoton gonar gwaji, da wakilin jarida a wurin buɗe sabuwar rijiya, da mai hoton gari ranar hawan salla, dukansu sau ɗaya suke samun dama, domin ba a sake buki saboda hoto ya lalace. Kuma duk wurin da haske ya yi yawa har ya ƙone fari fat cikin hoto, babu abin da ya rage a wurin wanda kwamfuta za ta iya maidowa. Saboda haka gyara na gaskiya a bakin kyamara ake yin shi, tun haske bai shiga ba. Abubuwa biyu ne suke wannan aiki: malafar ido, da matacin haske.

Malafar ido

Idon kyamara ba gilashi ɗaya ba ne. Gilasai ne da yawa aka jera cikin bututu, kuma kowace fuskar gilashi takan mai da ɗan haske baya. Idan rana tana gefe, ba ta cikin hoton amma haskenta yana bugun gilashin gaba, sai wannan ɓataccen haske ya yi ta kai da kawowa tsakanin gilasan har ya isa fim. Abin da yake biyo baya shi ne hoto ya fito dishi-dishi kamar an shafa masa toka, baƙi ya koma ruwan ƙasa, fuskokin mutane su dushe, wani lokaci kuma a ga ɗigo-ɗigon haske sun jeru a tsakiyar hoton.

Maganin wannan shi ne wani ɗan kwano marar gindi, na roba ko na ƙarfe, baƙi daga ciki, wanda ake ɗaurawa a bakin ido. Aikinsa daidai yake da na malafa bisa kan manomi: ya tare rana, ya bar gani. An fi bukatarsa da hantsi da kuma la'asar sakaliya, lokacin da rana take ƙasa-ƙasa, amma gwanaye ba su cire shi ko da dare, domin fitilar hanya ma takan yi irin wannan ɓarna. Bugu da ƙari, idan kyamara ta bugi bango ko ƙofar mota, malafar ce take ɗaukar bugun, gilashi ya tsira.

Malafa iri biyu ce. Akwai doguwa mai zagayayyen baki, wadda ta dace da ido mai jawo nesa, tun da shi ɗan wuri kaɗan yake kallo. Akwai kuma mai baki kamar furen kabewa, wadda aka yi domin ido mai faɗin gani. Dalilin wannan yanka shi ne hoto ba zagayayye ba ne: a fim na milimita 35, faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24. Saboda haka akan tsawaita leɓen sama da na ƙasa, a gajarta na gefe, a fafe kusurwoyi, don a sami inuwa mai yawa ba tare da malafar ta leƙo cikin hoto ba. Idan aka sa wa ido malafar da ba tasa ba, ko aka ɗaura mai fure a karkace, kusurwoyin hoto za su yi baƙi. Haka nan idan za a yi aiki da ƙaramar fitilar da ke bisa kan kyamara, sai a cire malafa, don kada ta jefa inuwarta a ƙasan hoton. Kuskuren da aka fi gani shi ne mutum ya bar malafa a kife bisa ido, yadda ake ajiye ta cikin jaka, ya yi ta ɗaukar hoto a haka. Wannan kamar mai rataye malafa a wuya ne yana kukan rana.

Asalin mataci mai kusurwa huɗu

Malafa tana tare hasken da ba a so. Mataci kuwa yana gyara wanda ake so ya shiga. Sanannen mataci shi ne zagayayye, wanda ake murɗawa a bakin ido. Amma bakunan idanu ba ɗaya suke ba: wani milimita 52, wani 58, wani 67, wani 77, kuma akan rubuta lambar a bakin ido ko a cikin marufinsa. Mai ido uku masu baki daban-daban, sai ya sayi mataci iri guda har sau uku.

Mataci mai kusurwa huɗu ya daɗe a hannun ƙwararru. Kamfanin Kodak na Amurka, wanda ya sayi kamfanin Wratten na Ingila a shekarar 1912, ya yi ta sayar da siraran matatai masu lamba, kamar lamba 8 mai ruwan ɗorawa da lamba 25 ja, waɗanda masu hoton baƙi da fari suke sawa don sama ta yi duhu gajimare ya fito. Amma wanda ya kai wannan dabara hannun kowa shi ne wani Bafaranshe mai ɗaukar hoto, Jean Coquin, wanda ya fito da tsarin Cokin a shekarar 1978. Ya yi matatansa da wata roba mai haske da ake kira CR-39, irin wadda ake yin tabarau da ita. Ƙaramin tsarin, mai suna A, faɗinsa milimita 67 ne. Na P milimita 84. Daga baya aka ƙaro masu milimita 100 da 130 domin manyan idanu. A shekarar 2011 kamfanin Kenko Tokina na Japan ya sayi Cokin. A Ingila kuma kamfanin Lee ya yi suna da tsarinsa na milimita 100.

Tsarin kashi uku ne. Na farko zobe, wanda ake murɗawa a bakin ido. Na biyu mariƙi, wanda ake maƙalawa bisa zoben, yana da gurbi biyu ko uku, kuma yana juyawa. Na uku shi ne matacin kansa, wanda ake zurawa cikin gurbi kamar yadda ake zura wasiƙa cikin ambulan. Ribar a fili take: mataci ɗaya da mariƙi ɗaya sun isa dukan idanu, zobe kawai ake sake saye, shi ne kuma mafi araha cikin ukun.

Matatai uku da har yanzu suke da aiki

Tun da kyamarorin lantarki suka yawaita, yawancin matatai masu launi sun koma cikin akwati, domin ana gyara launi a kwamfuta. Amma akwai guda uku da ba a rabu da su ba.

Na farko, wanda shi ne dalilin tsarin gaba ɗaya, mataci ne mai rabin duhu: samansa ruwan toka, ƙasansa garau, duhun yana raguwa a hankali. Sau da yawa sama takan fi ƙasa haske nesa ba kusa ba. Idon mutum yana iya ganin su tare, kyamara kuwa sai ta zaɓi ɗaya: in ta gyara gona, sama ta ƙone, in ta gyara sama, gona ta yi baƙi. Masu hoto suna auna haske da mataki, kowane mataki yana nufin an raba haske biyu. Matatan suna ɗauke da lamba 0,3 ko 0,6 ko 0,9, watau mataki ɗaya, biyu, ko uku. Sai a auna hasken sama, a auna na ƙasa, a zaɓi matacin da zai kusanto da su. A nan ne mai kusurwa huɗu ya fi zagayayye, domin ana iya ja da shi sama ko ƙasa cikin gurbi har iyakar duhun ta zauna daidai inda sama ta haɗu da ƙasa. Shi ya sa ake yin shi da ɗan tsawo, alal misali milimita 100 da 150. Zagayayye kuwa, iyakarsa kullum a tsakiya take.

Wannan mataci ma iri biyu ne. Mai kaifin iyaka ya dace da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kamar gonakin hatsi na jahar Maraɗi ko fadamun albasa na Galmi. Mai taushin iyaka kuwa shi ake sawa inda duwatsu ko itatuwa suka shiga cikin sama. Amma sai a yi hattara da dogon gini. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, idan aka sa mata mataci mai kaifin iyaka, kanta zai fito baƙi gindinta ja, kowa kuma zai gane an yi kuskure.

Na biyu shi ne mai rage haske baki ɗaya, wanda duhunsa ɗaya ne ko'ina, ba ya kuma sake launi. Lambar ND8 tana rage mataki uku, ND1000 kuwa mataki goma, watau kashi ɗaya cikin 1024 na hasken ne kawai yake wucewa. Hoton da ake ɗauka cikin kashi ɗaya bisa 125 na daƙiƙa, da wannan mataci sai ya ɗauki wajen daƙiƙa 8. Ta haka ruwan kogi a ƙarƙashin gadar Kennedy ta Yamai yakan fito sumul kamar an shimfiɗa alharini. Wannan aiki yana da sharuɗɗa: a ɗora kyamara bisa maɗori mai ƙafa uku, a daidaita gani tun ba a zura matacin ba domin bayan an zura shi duhu ya yi yawa, a kuma sa shi cikin gurbin da ya fi kusa da ido don kada haske ya sato ta gefe.

Na uku shi ne mai kashe ƙyalli, wanda ake juyawa a hankali har walƙiyar da ke bisa ruwa, ko ganye, ko gilashin taga ta ɓace, shuɗin sama kuma ya ƙaru. Ya fi ƙarfi idan rana tana gefen kafaɗar mai ɗauka, ba gabansa ko bayansa ba, kuma yakan ci haske kusan mataki biyu. Sai dai ba ya maganin hazo. Idan iskar hunturu ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi har sama ta yi fari, babu matacin da zai mai da ita shuɗiya.

Inda malafa da mataci suke karo

Akwai wata matsala wadda mai saye ba ya ganewa sai ya isa gida: da zarar an maƙala mariƙi, malafar ido ba ta da wurin zama. Ga shi kuma a lokacin ne aka fi bukatar inuwa, domin an ƙara faffaɗan gilashi a gaban ido, tsirara cikin rana. Kamfanoni sun yi malafa mai kusurwa huɗu wadda ake haɗawa da mariƙi, har da mai naɗewa kamar zugazugin maƙeri, a ja ta ko a tura gwargwadon faɗin ganin ido. Wanda bai same ta ba, sai ya tare rana da tafin hannu, ko da hula, ko da baƙin kwali, yana duban gilashi har inuwa ta rufe shi, yana kuma lura kada hannun ya shiga hoto. Haka kuma kada a cika gurabe don kawai suna nan. Kowane ƙarin mataci ƙarin fuska biyu ne masu mai da haske, kuma a ido mai faɗin gani kaurin mariƙi yakan baƙanta kusurwoyi.

Kula da kaya

Babban abokin gaban mataci a ƙasar Sahel shi ne ƙura. Roba ba ta saurin fashewa kamar gilashi, amma tana saurin ƙarcewa, ƙwayar rairayi ɗaya kuma ta isa ta ja mata zane. Don haka ba a goge mataci da bakin riga ko da rawani. A fara hure ƙurar da ɗan famfon roba, sa'an nan a share da tattausan ƙyalle mai tsabta. A riƙe shi ta gefe, a mai da kowane cikin gidansa, kada kuma a bar shi cikin rufaffiyar mota da tsakar rana, domin zafi yana iya tanƙwara roba.

Ga ma'aikatar da take shirin sayen kayan hoto, da kuma mai hoton da jarinsa bai yi yawa ba, tsarin saye shi ne wannan: malafa tukuna ga kowane ido, domin ita ce mafi araha kuma ita ake bukata kullum, sa'an nan mai kashe ƙyalli, daga baya mariƙi da mataci mai rabin duhu na mataki biyu, wanda ya fi sauran yawan amfani. Kafin a sayi mariƙi, a duba lambar ido mafi faɗin baki, a zaɓi tsarin da zai rufe shi. A kuma gwada kayan tun a gida, a saba da zura su da cire su, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.