Rarraba Dainoso Masu Cin Nama da Raɗa Musu Suna: Misali daga Ƙasar Agadas

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana yadda masana ke rarraba dainoso masu cin nama, wato dabbobin dauri da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam, da yadda suke raɗa musu suna. Mun lura ɗalibanmu na haddace waɗannan sunaye ba tare da sanin tushensu ba, alhali manomin Gozaki da ke bambanta kaura da farafara ta launin ƙwaya da ƙirar zangarniya ya riga ya san ginshiƙin wannan aiki.

Ƙa'idar Suna

Kowace dabba tana da suna mai kashi biyu, bisa tsarin Linnaeus: na farko na jinsi, na biyu na nau'i. Hujjar sunan kuwa ita ce ƙasusuwan da aka fara bayyanawa a rubuce. Dainoso na farko da ya sami suna shi ne Megalosaurus, wanda William Buckland ya bayyana a Ingila a 1824. Bayan haka an daɗe ana jingina masa kusan duk haƙorin mai cin nama da aka tsinta, domin ƙarancin abin kwatance.

Misali daga Nijar

A 1994 Paul Sereno da abokan aikinsa suka bayyana Afrovenator abakensis, ma'ana "mafaraucin Afirka na In Abaka", wani wuri a ƙasar Agadas. A yau ana sanya shi cikin dangin Megalosaurus. Da farko an ƙiyasta shekarunsa kimanin miliyan 130, amma nazarin da aka buga a 2009 kan duwatsun Tiouraren, inda aka tono shi, ya mayar da su fiye da miliyan 160.

Daga waɗannan duwatsu ne kuma Lapparent, wani masani Bafaranshe, ya bayyana Elaphrosaurus gautieri a 1960. Da aka sami ƙarin ƙashin baya, aka ga ƙirarsa ta saɓa wa ta Elaphrosaurus na Tanzaniya, sai aka ware masa jinsi a 2004, ya koma Spinostropheus gautieri. Sunan nau'in bai taɓu ba, domin ƙa'ida ta fifita sunan da ya riga.

Kammalawa

Ashe ke nan sunan jinsi hukunci ne da ya dogara da ƙasusuwan da ke hannu, yana kuma iya sauyawa idan sababbi suka bayyana. Don haka muna ba malamai shawara su riƙa koyar da kowane suna tare da ma'anarsa, da wurin da aka tono dabbar, da siffar da ta bambanta ta da danginta.