Tsakuro Gutsuren Fim Daga Faifan DVD Zuwa Kwamfuta Domin Nazarin Harshe

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1990 da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, finafinan Hausa suka zama wani rumbu na maganar yau da kullum. A cikinsu ana samun gaisuwa da zambo da habaici da karin magana, da kuma kalmomin aro da suka shigo harshen a 'yan shekarun nan. An fara sayar da finafinan ne a kaset, daga baya aka koma faifan VCD, sannan faifan DVD. Yanzu da kasuwar ta koma tashoshin talabijin da YouTube, faya-fayan sun zama kayan ajiya, suna ƙarcewa suna lalacewa a cikin akwatuna, kuma ba kowane tsohon fim ne aka ɗora a intanet ba.

Mai nazarin harshe, musamman wanda ke koyar da Hausa a jami'ar da ke nesa da ƙasar Hausa, ba kasafai yake buƙatar fim sukutum ba. Abin da yake nema shi ne minti ɗaya ko biyu da zai nuna wa ɗalibai, ko ya kafa hujja da shi a bincike. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake tsakuro irin wannan gutsure zuwa kwamfutar gida ba tare da an ɓata ingancinsa ba, domin hujjar da aka gurɓata wajen ɗauko ta ba ta da amfani ga ilimi.

2.0 Tsarin Faifan

Kafin a kwafi komai, ya kamata a tantance irin faifan da ke hannu, domin a kasuwa akan kira kowane faifai da suna ɗaya.

Faifan VCD, wanda aka tsara ƙa'idarsa a 1993, yana ajiye fim a cikin jaka mai suna MPEGAV, a fayiloli masu ƙarewa da DAT. Hotonsa ƙarami ne, ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye, kuma minti ɗaya yana cin kimanin megabayit 10.

Shi kuwa faifan DVD, wanda ya fara shiga kasuwa a Japan a 1996, yana ɗaukar gigabayit 4.7 idan mai shimfiɗa ɗaya ne, ko 8.5 idan mai shimfiɗa biyu ne. Hotonsa ɗigo 720 ne da 576 a tsarin PAL da ake amfani da shi a Nijeriya, wato hotuna 25 a kowace daƙiƙa. Fim ɗin yana cikin jaka mai suna VIDEO_TS, wadda ta ƙunshi fayiloli iri uku. Fayilolin VOB su ne ke ɗauke da hoto da sauti. Na IFO suna ɗauke da bayanin babi-babi da jerin yadda za a kunna. Na BUP kuwa kwafin ajiya ne na IFO. Abin lura shi ne ba a barin fayil ɗin VOB ya wuce gigabayit ɗaya, don haka ana datsa fim gida-gida ba tare da la'akari da inda magana ta tsaya ba. Jimla guda tana iya farawa a wani fayil ta ƙare a na gaba.

Akwai kuma iri na uku, wato faifan da aka cusa wa finafinai da yawa bayan an matse su. Irin wannan ya riga ya yi asarar inganci tun daga shago, saboda haka ba a dogara da shi sai in an rasa na asali.

3.0 Matakan Aikin

3.1 Kwafewa

Mafi yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu ba su zuwa da na'urar karanta faifai, sai an sayi ta waje mai haɗawa da USB. Matakin farko shi ne a kwafe jakar gaba ɗaya zuwa kwamfuta, maimakon a riƙa aiki a kan faifan kai tsaye, domin yawan juya tsohon faifai yana ƙara masa rauni. Idan yana da datti, akan goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba. Idan gutsuren da ake so ya ratsa fayilolin VOB biyu, sai a fara haɗa su kafin a yanka.

3.2 Yankewa

Nan ne aka fi yin kuskure. Hanya biyu ce: ko dai a yanke gutsuren kamar yadda yake, ko kuma a sake matse shi zuwa wani tsari. Manhajoji na kyauta irin su Avidemux da FFmpeg suna iya yanka ba tare da sake matsewa ba, ita kuwa HandBrake sake matsewa take yi a kowane lokaci. Manhajar VLC tana da maɓallin ɗauka da ake dannawa yayin da fim ke tafiya, amma da wuya ya faɗa daidai inda ake so.

Dalilin fifita hanya ta farko shi ne, hoto da sautin da ke kan faifan an riga an matse su sau ɗaya, kuma kowace sabuwar matsewa tana zubar da wani abu da ba ya dawowa. Sai dai hanyar tana da nata sharaɗi. A tsarin MPEG-2 da DVD ke amfani da shi, ba kowane hoto ne cikakke ba. Akan ajiye cikakken hoto ɗaya, sannan waɗanda ke biye su ɗauki bambanci kawai, har zuwa hotuna 15 a tsarin PAL. Ke nan yanka ba ya farawa da kyau sai a kan cikakken hoto, wanda kan zo kusan kowace rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa kuwa ya isa ya haɗiye gaɓa biyu ko uku na kalma. Saboda haka ya kyautu a bar rarar daƙiƙa biyar gaba da baya. Wannan rara tana kuma adana mahallin maganar, domin habaici ba ya fahimtuwa sai an ji abin da ya jawo shi.

3.3 Ware Sauti

Mai nazarin tsarin sauti zai ware muryar zuwa fayil ɗin WAV, ba MP3 ba, domin WAV ba ya ƙara zubar da komai. Daga nan sai a buɗe ta a manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amstadam. Da ita ake auna tsawon wasalin da ya bambanta "gari" na zama da "gari" na tuwo, ko karin sautin da ya raba "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Karin sauti yakan jure matsewa gwargwado, amma fashewar baƙaƙe irin su "ƙ" da "ts", da iyakar da ke tsakanin baƙi da wasali, sukan dusashe. Wanda ke nazarin ishara da zance tare kuwa sai ya yi amfani da ELAN ta Cibiyar Max Planck da ke Naimegen a ƙasar Holan, wadda ke ba da damar rubuta magana daidai da hoton. Tura gutsure ta WhatsApp a matsayin bidiyo yana sake matse shi, don haka gara a miƙa shi a filashi.

4.0 Iyakar Hujjar

Ko da an tsakuro gutsure lafiya, akwai tambayoyin da ya wajaba a yi masa. Na farko, maganar fim magana ce ta wasa, ba hira ce da aka tsinta a kasuwa ba. Ɗan wasa Bakano yana iya kwaikwayon Sakkwatanci don ban dariya, kuma ba za a kafa hujjar karin harshe da wannan ba. Na biyu, waƙoƙin finafinan Hausa galibi mawaƙa ne ke rera su a situdiyo, 'yan wasa kuma su motsa baki, don haka muryar ba ta mai fuskar ba ce. Na uku, kiɗan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin magana yana rikita awon karin sauti.

Bugu da ƙari, kowane gutsure yana buƙatar takardar shaida: sunan fim, kamfanin da ya shirya, shekara, irin faifan, da mintin da aka fara yanka da wanda aka tsaya. Hoton kwalin faifan ma abin adanawa ne. Gutsuren da ba a san asalinsa ba, wani manazarci ba zai iya komawa ya tabbatar da shi ba.

5.0 Kulle da Doka

Faya-fayan manyan kamfanonin ƙetare sukan zo da kulle mai suna CSS, wanda aka fito da shi a 1996, da kuma lambar shiyya; Nijeriya tana shiyya ta 5. A 1999 aka fitar da manhajar DeCSS mai buɗe kullen, kuma aka gurfanar da wani matashi ɗan ƙasar Norwe, Jon Lech Johansen, amma kotu ta wanke shi a 2003. A Amurka dokar 1998 ta haramta karya irin wannan kulle, sai a 2006 aka sassauta wa malaman nazarin fim, aka kuma faɗaɗa sassaucin a 2010. Faifan VCD da faifan da aka buga da kwamfutar gida ba su ɗauke da wannan kulle.

A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta yarda da amfani na adalci domin bincike da nazari waɗanda ba na kasuwanci ba. Wannan ba lasisi ba ne na kwafe fim gaba ɗaya a raba, domin satar fasaha ta daɗe tana cutar da masu shirya finafinan Hausa. Idan za a buga gutsuren tare da littafi ko a ɗora shi a intanet, neman izinin mai fim shi ne daidai.

6.0 Kammalawa

An ga cewa aikin ya ƙunshi tantance faifai, kwafe shi, yanka ba tare da sake matsewa ba, da rubuta asalin kowane gutsure. Faya-fayan da aka buga da kwamfuta sun fi saurin mutuwa, musamman a zafi da hasken rana. Ya dace sassan harsunan Nijeriya su tattara waɗanda suka rage, na Hausa da Yarbanci da Ibo da sauransu, su adana kwafi biyu a wurare daban-daban, tun kafin na'urorin karanta su su ɓace daga kasuwa.