Daga Kuɗin Haya Zuwa Kuɗin Tsoro: Tarihin Wata Kalma ta Ƙasar Ekos

Kalma kamar matafiyi ce: kayan da ta fito da su daga gida ba lalle su ne za ta isa masauki da su ba. Ga misali daga ƙasar Ekos, wadda ke arewa da Ingila.

Mutanen kudancin Ekos suna da harshensu, ɗan'uwan Ingilishi ne amma dabam yake, kuma da shi sarakunansu suka rubuta dokoki. An tara tsofaffin kalmominsa, na kafin 1700, cikin wani babban ƙamus mai juzu'i 12. William Craigie ya fara fitar da shi a 1931, ba a kammala ba sai 2002.

Cikin kalmomin nan akwai "mail". Asalinta daga harshen mutanen arewacin Turai ne, inda take nufin magana ko yarjejeniya. A Ekos sai ta koma sunan abin da aka yi yarjejeniya a kansa, wato kuɗin hayar gona ko gida da talaka ke biyan mai ƙasa. Halal ne, doka ta san da shi. Kada a haɗa ta da kalmar Ingilishi mai irin wannan rubutu wadda ke nufin wasiƙun gidan waya. Ita waccan daga tsohon Faransanci ta fito, ma'anarta jaka.

A ƙarni na 16 iyakar Ekos da Ingila ta zama dandalin mahara. Dangi-dangi ne bisa dawaki, su faɗa wa ƙauye da dare, su kora shanu, su sa wa rumbu wuta. Manomin da ke son barci da ido biyu rufe sai ya riƙa ba shugabansu wani abu, don a ƙyale shi. Wannan biya na biyu aka kira "blackmail", wato baƙar haya. Wasu masana sun ce baƙa ce don da shanu ko hatsi ake biyan ta, ba da farar azurfa ba. Wasu sun ce don muguntarta.

Hukuma ba ta yi shiru ba. A 1530, zamanin Sarki James na Biyar, an sare kan Adam Scott na Tushielaw a birnin Edimbura, cikin laifuffukansa har da karɓar baƙar haya. Dokokin majalisa na 1567 da 1587 sun hana karɓa, sun kuma hana bayarwa. Ku dubi halin talaka: in ya ƙi biya a kwashe garkensa, in ya biya ya taka doka. Gaba kura, baya sayaki. Sai bayan 1603, da James na Shida ya haɗa sarautar ƙasashen biyu, aka murƙushe maharan iyaka. A tsaunukan arewa kuwa al'adar ta daɗe. Rob Roy, wanda ya rasu a 1734, da ita ya yi suna.

Mahara sun shuɗe, kalma ta saura. A ƙarni na 19 ta ɗauki ma'anar da aka sani yanzu: tatsar kuɗi daga mutum da barazanar tona masa asiri, abin da Faransawa ke kira "chantage".

Nan ne mai fassara ke iya tuntuɓe. In ya tarar da kalmar cikin takardar shari'a ta 1530 ya ba ta ma'anar yau, zai nemi asirin da babu shi, ya manta da shanun da aka kora. Saboda haka, kafin mu tambayi me kalma ke nufi, mu fara tambayar shekarar da aka rubuta ta, da bakin wanda ya faɗe ta.