Gwiwa ta bugu: a kira likita kafin a kama hanya

Ƴan uwa manoma da makiyaya, gwiwa ita ce jarin talaka. Saniya ta yi harbi, ko mutum ya faɗo daga amalanke, ko ɗan kokowa ya murɗe ƙafa, sai gwiwa ta kumbura. Targaɗe ne ko karaya? Asibiti na da nisa, kuɗin mota kuma ba kaɗan ba ne.

A nan salula ke da amfani. A kira malamin asibiti. Zai yi tambayoyi don ya gane ko ana bukatar hoton ƙashi, wanda muke kira radiyo.

Likitocin wata ƙasa mai nisa, Kanada, su suka tsara irin waɗannan tambayoyi. A shekarar 1995, likita Ian Stiell da abokan aikinsa na birnin Otawa suka fitar da alamu 5, don manya:

1. Shekarun mutum sun kai 55?
2. In an danna, ƙoƙon gwiwa kaɗai ke ciwo?
3. Kan ƙaramin ƙashin da ke gefen waje, ƙasa da gwiwa kaɗan, yana ciwo?
4. Ya kasa lanƙwasa gwiwa kamar mai zama bisa kujera?
5. Ya kasa yin taku 4, ko da ɗingishi, lokacin da ya bugu da kuma yanzu?

In amsa ɗaya ta zama "i", sai hoto. In babu ko ɗaya, da wuya a ce karaya ce.

Amma salula ba ta da hannu. Wani ya zauna kusa da maras lafiya, ya danna inda malamin ya ce, a faɗi gaskiya. Jarumta ba ta da amfani a nan.

Radiyo kuma ƙashi take nunawa. Jijiyar da ta tsinke, sai likita ya taɓa da hannunsa, ko a shiga babbar na'urar da ake kira IRM.

In ƙafa ta karkace, ko ta yi sanyi, ko ta mutu, ko rauni ya buɗe, ko gwiwa ta cika tim cikin awa 2, kada a jira, a tafi asibiti.

Kafin nan a kwanta, a ɗaga ƙafar, a aza tsumma mai ruwan sanyi. Kada a ja, kada a murza, kada a yi ɗori sai an san abin da ke ciki. Kira ɗaya ya fi a rasa damina guda.