Fetur a Ƙarƙashin Ƙasa: A Tsare Rijiyoyin Dallol Mawri

Duk wanda ya san ƙasar Arewa ya san arzikin Dumega da Tibiri yana cikin Dallol Mawri. A kan tudu, mai haƙar rijiya yakan yi nisa ƙwarai kafin ya ga danshi, amma a cikin kwarin mita kaɗan ne tsakanin tafin ƙafa da ruwa. Shi ya sa ake noman rake da rogo da dankali a garake har tsakiyar rani. To, wannan kusancin da ya zama alheri shi ne kuma abin tsoro, domin rairayin da yake shanye ruwan sama nan da nan, haka yake shanye fetur da gazuwal da baƙin mai.

A gidan mai, ta hanya uku mai yake shiga ƙasa: tankin da aka binne ya yi tsatsa ya huje, ko mahaɗin bututu ya saki, ko kuwa ya malale sa'ad da babbar mota take juye shi. Akwai kuma masu ajiye ganguna da jarkoki na man ruwa-ruwa a garuruwan bakin iyaka. Cinikin ya ja baya tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, amma man da ya zube ba ya gushewa don kasuwa ta tashi.

Fetur bai kai ruwa nauyi ba, saboda haka idan ya nutse sai ya kwanta a bisa ruwan ƙasa. Wani sashe nasa yana narkewa, ya bi ruwan sannu a hankali zuwa rijiyoyin maƙwabta. A cikinsa akwai sinadarin benzen, wanda likitoci suka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce mikrogiram 10 a lita guda ta ruwan sha. Watau idan fetur yana ɗauke da benzen kashi 1 cikin 100, lita guda tasa ta isa ta kai ruwa fiye da lita dubu 800 ga wannan iyaka. Tacewa da ƙyalle ba ta cire shi, zuba jabel ma ba ya cire shi.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A birnin Santa Monika na Amurka, a 1996, an rufe rijiyoyin da suke ba garin wajen rabin ruwansa, bayan wani sinadarin fetur ya shige su daga tankunan gidajen mai. A Ogale, cikin ƙasar Ogoni ta Nijeriya, rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 ya nuna mutane suna shan ruwa mai benzen fiye da ninki 900 na ƙa'ida, an kuma tarar da tataccen mai kaurin santimita 8 yana kwance a kan ruwan ƙasa kusa da wani bututu.

Yaya ake binciken wurin da ake zargi? Da farko ana duba littafin gidan mai, a gwada litocin da suka shiga da waɗanda aka sayar da abin da sandar awo ta nuna ya rage a tanki. Giɓin da yake maimaituwa kowane wata alama ce ta yoyo. Sa'an nan a gwada tankin da bututunsa, a kuma tambayi maƙwabta yaushe ruwansu ya fara wari, ko ya fara nuna launin bakan gizo a cikin guga.

Daga nan ma'aikata sukan huda ƙananan ramuka kewaye da tankin, suna ɗebo ƙasa daki-daki har su kai ga ruwa. Aƙalla ramuka uku ake sa wa bututu, domin da awon tsayin ruwa a wuri uku ne ake gane inda ruwan ƙasa ya nufa, da kuma rijiyar da za ta fara ɓaci. Ana cika kwalabe har baki, a toshe, a sa su cikin sanyi zuwa ɗakin gwaji, don benzen yana saurin bin iska. A maimaita awon da rani da damina, tun da ruwan ƙasa yana hawa yana sauka, yana shafa man a jikin rairayi.

Idan an tabbatar, sai a tsai da yoyon, a kwashe ƙasar da ta sha mai, a zuƙe wanda yake kan ruwa, a rufe rijiyar, a sama wa jama'a wani ruwan. Aiki ne mai cin shekaru da kuɗi masu yawa, alhali bincika tanki tun bai huje ba aikin kwanaki ne. Rigakafi ya fi magani.

Ƙasarmu ba ta rasa doka ba. Akwai dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 1998, da dokar ruwa ta 2010, da dokar 2018 wadda ta tsara auna illar ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Abin da ya rage shi ne aiki da su. Magajin gari ya tambayi nisan tanki da rijiya kafin a ba da fili. Mai gidan mai ya daɓe inda ake juye mai da siminti, ya riƙe littafinsa da gaskiya. Bakanike ya tara baƙin mai a ganga, kada ya zubar a rami.

Ku kuma 'yan uwa, musamman iyayenmu mata da kuke jan ruwa kowace safiya, ku ne za ku fara jin wari. Idan kun ji, ku daina sha, kada ku ba dabba, ku sanar da mai gari da ma'aikatan ruwa ba tare da jinkiri ba. Allah Ya tsare mana ruwanmu.